Wanda Ya Tsaya wa Mai Wutsiya

Baba ya koma ga Mahaliccinsa a ƙarshen damina, gero ya fitar da kai ana jiran ya nuna. Mun san kowa can zai koma, amma sanin bai rage mini nauyin ƙirji ba, har yau kuma bai sauka ba. An sallace shi bayan azahar a Buza, kafin la'asar tabarmin gidanmu sun ƙare, sai da aka aro na masallaci. Na san jama'a za su zo, don Baba ya koyar a lakol, ya yi aikin farfaɗo da ƙasa a Keita, ya kuma tsufa a cikin mutane. Abin da ban zata ba shi ne abin da suka riƙo a hannu.

Kusan duk wanda ya fito daga ƙauye yana riƙe da ɗan littafi, irin wanda ake bugawa a farar takarda, a ninke biyu, a ɗinke tsakiyarsa da zare. Matan Karofane sun zo da na koyon baƙaƙe, duk ya sha mai da hayaƙin murhu. Wani liman ya zo da na hukunce-hukuncen alwala. Dattawan coci daga wajen asibitin mishan sun zo da na waƙoƙinsu, a gabansu aminin Baba, tsohon ma'aikacin jinya da muke kira Baba Likita. Shi ko gaisuwar ma bai iya kai ta ƙarshe ba. Ya zauna a bakin zaure, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ya tahi ya bar ni da butar shayi," sai hawaye. Babu wanda ya ce musu su zo da littattafan nan, kowa dai ya ga bai kamata ya zo wurin Baba hannu rabbana ba.

Cikin masu gaisuwa mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, wato Malamar Garhanga, tsohuwar da ke koyar da mata karatu a can. Ta shigo cikin gida, ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa yadda ya kamata, ta yi addu'a. Sai ta ɗago kai ta ce da ƙarfi, kamar tana gaban aji, "To yanzu wa za shi tsaya ma mai wutsiya?"

Wasu mata suka kalli juna, sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Inna ta gane. Ni ma na gane. Ƙanena, wanda ya iso daga Yamai da ƙurar hanya a jikinsa, yana tsaye a ƙofar zaure, ya ji, ya sunkuyar da kai. Tambaya ce ta gaske, domin bayan kaka za a buɗe azuzuwan mata a ƙauyuka, kuma in ba a sami wanda zai tsaya ba, babu littafin da za a buga. Saboda wannan tambaya nake rubutun nan, kada a ce Baba malamin lakol ne kawai a rufe magana.

Baba ya koyi odinatar, wato kwamfuta, a Keita ne, gemunsa ya riga ya fara furfura. Da ya ajiye aiki bai iya zaman gindin bishiya ba. A lokacin an raba wa cibiyoyin koyar da manya tsofaffin na'urori masu aiki da Linux, malamai suna rubuta darasi a kansu, amma su buga shi warwatse, takarda ɗai-ɗai. Iska ta kwashi wasu, akuya ta ci wasu. Wannan ya dami Baba ƙwarai. Ya shige ɗakinsa ya yi ta fama, Inna tana ɗumama tuwo yana hucewa, har ya haɗa wata 'yar manhaja da ya sa wa suna ninke. Aikinta ɗaya ne tak. Ka ba ta rubutu, ta jera shafuka yadda in ka buga gaba da baya ka ninke takardun, shafi zai bi shafi. Duk littattafan da aka zo da su ranar rasuwarsa ita ta jera su. Bai taɓa tambayar me za a buga da ita ba. Baba Likita ya buga waƙoƙin Kirsimeti, Baba ya taya shi ninkewa suna shan shayi suna gardamar da suka saba, wadda babu wanda ya taɓa cin wani a cikinta.

Sai aka shiga shekarun birus, cutar nan mai kama odinatar. Duk wanda ya riƙe kile, ɗan abin nan da ake soka wa odinatar a adana rubutu, a ƙasar nan ya san su. Ka kai kilenka sibar, wato shagon odinatar, ko ofis, ka dawo ka tarar dosiyoyinka, jakunkunan da ka zuba rubutunka a ciki, suna nan da kamanninsu, amma ba su ba ne. Ɓarawo ne ya ari fuskarsu, kana danna shi ya bazu. Alamarsa ɗaya ce, 'yan haruffa uku a ƙarshen sunansa bayan ɗigo, exe. Baba ya kira su wutsiya, sunan kuma ya bi gari.

Malamar Garhanga na cikin waɗanda abin ya fara faɗa wa. Amprimantinta, injin buga takarda, ya lalace, ta kai kilenta Keita a buga mata, ta danna abin da ta ɗauka dosiyenta ne, darussan da ta yi shekaru tana tarawa suka ɓace a gaban idonta. Ta zo gidanmu da rana tsaka, tsohuwa mai girma, da kilen a hannu. Ina wurin. Na zata Baba zai yi mata faɗa, don da mu faɗa ba ya yi masa wuya. Sai ya sa aka kawo mata fura tukuna, ya ce ta sha. Ya sa kilen a na'urarsa, ya duba, ya ce, "Malama, ba su mutu ba, ɓoye su anka yi." Ya fito mata da su ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ba wa kowa labarin ba, ita ce da bakinta ta yi ta faɗa daga baya.

Daga nan ya kafa dokarsa, ya bi cibiyoyi yana maimaita ta har yara suka haddace: duk abin da ka gani a kile da wutsiyar exe, kada ka buɗe, kada ka tambaya, ka kashe shi. Aka kuwa bi dokar nan fiye da yadda ake bin ta gwamnati.

Tsofaffin na'urorin suka gaji, suka yi ta mutuwa. Waɗanda aka kawo a madadinsu da Windows suke aiki. Abin da Baba ya fara yi wa kowacce shi ne ya shiga cikinta ya sa ta riƙa nuna wutsiyar kowane suna, don da ɓoye ta take zuwa. Wannan ya zame masa jiki. Ko gidan biki ya je ya ga odinatar a buɗe, sai ya nemi izini ya fito mata da wutsiya. Na sha ce masa, "Baba, ta mutane ce fa." Sai ya ce, "Shi ya sa."

Amma ninke ba ta tashi a sababbin na'urorin ba, dole a sake gina ta domin su. Hutun lakol ne, ina gida, na ga wannan faman da idona. Baba yana da wani rubutaccen umarni da ke gaya wa na'ura yadda za ta harhaɗa manhajar, ta kwafe ta cikin kile, ta share tsohuwa. Shi yake kira magini, kuma da shi yake hira kamar mutum. A Linux magini bai taɓa ba shi ciwon kai ba. A Windows kuwa sai ya rikice. Ya gina, ya sake ginawa, ya sake, kullum yana cewa ba a gina ba. A ce ya kwafe, ya ce babu abin kwafewa. A ce ya share tsohuwa, ya yi shiru kamar ya share, alhali tana nan zaune.

Shirun nan ne ya fi ɓata wa Baba rai. Ya ce, "Wanda yac ce bai iya ba, da sauƙi. Wanga kau shina ce mini ya yi shara, ga datti ƙarƙashin tabarma."

Wata rana da hantsi na ji ya buga tebur ya kira ni, kamar na san wani abu a kai. Ya ce in duba. A Linux, in ji shi, da izinin da aka ba abu ake sanin mai aiki ne, sunansa ba ruwan kowa. A Windows kuwa da wutsiya ake saninsa. Magini ya gina ninke, Windows ta liƙa mata exe, shi kuma ya juyo yana neman ninke tsirara, bai gan ta ba. Baba bai cire wutsiyar ba, bai kuma yi magini biyu ba, don ya ce biyu za su saɓa wa juna wata rana. Sai ya bi umarnin layi-layi, duk inda sunan ya fito ya bar masa gurbi a baya. In a Linux ake gini gurbin ya zauna wofi, in a Windows ne exe ta shiga. Ya yi kwanaki yana bin wuraren nan da gilashinsa a kan hanci, yana cewa guri ɗaya in ya kuɓuce, nan tsohuwa za ta laɓe.

Da ta ginu, murna ta sa bai tsaya tunani ba. Ya zuba ta a kile-kile, ya ba direbobin motocin kasuwa su kai cibiyoyi. Kwana kaɗan waya ta fara ƙara. Malamin Karofane ne ya fara kira, muryarsa cike da alfahari, ya kira Baba da laƙabin malaman lakol: "Mushe, mun kama ɓarawo cikin kilenka! Har sunan ninke yaɗ ɗauka. Mun kashe shi." Bayansa wani, bayansa wata. Babu cibiyar da ta bar ta da rai. Malamar Garhanga ma har da yi masa nasiha, wai ya riƙa kula da kayansa.

Na zata ransa zai ɓaci. Baba ya yi dariya har ya riƙe ciki, yana share hawaye da hannun riga, ya ce, "Wallahi sun yi karatu!" Ban taɓa ganinsa yana alfahari da ɗalibai irin na ranar ba, ko da waɗanda suka zama manya a Yamai.

Washegari ya fito da motonsa, wato babur ɗinsa. Dattijo mai ciwon gwiwa, ya riƙa bin hanyoyin duwatsun Adar daga cibiya zuwa cibiya. Kullum zai fita sai Inna ta ɗaga murya daga ɗaki, "Malam, ka ɗauki gorar ruwa?" Kullum kuma sai ya dawo ya ɗauka, don mantawa yake yi.

Yadda yake tsaya wa ninke shi ne abin da ba na so a manta. Ba ya isa ya ce ku yarda da ni. Yana da kilensa na kansa, mai igiyar fata, wanda a cikinsa yake ajiye abin da babu shi a ko'ina: hotunan jikokinsa, muryar Kaka da ya naɗa tana ba da labarin yunwar zamaninsu, da darussan da ya karanta da bakinsa. In ya zauna gaban na'urar cibiya, sai ya fara soka wannan kilen, ya buɗe ya nuna wa malamin abin da ke ciki. Sannan ya ɗora hannu a kan na'urar ya ce, "Wanga mai wutsiya nawa na, na tsaya mashi. In ɓarawo na, nawa za shi fara ci." Sai ya danna. Kamar dai yadda uwar gida ke ɗanɗana miya a gaban baƙo. Bayan nan ya ƙara jaddada musu dokar: duk wanda ba shi ya kawo da hannunsa ba, a kashe. Duk gyaran da ya yi wa ninke, sai ya sake zagayen nan daga farko.

A kan haka suka ɓata da ƙanena. Shi ne ya gaji Baba a wannan fanni, ya yi karatunsa sosai, yana aiki a Yamai, kuma da kamar abokai suke. Ya zo hutun babbar salla ya tarar Baba ya faɗi da moto a wani kwazazzabo, gwiwa ta kumbura. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa. Muna zaune tsakar gida bayan la'asar ya ce wahalar nan ba ta da dalili. A maida na'urorin yadda suka zo, su daina nuna wutsiya, ko a sa wa ninke hoton dosiye, a aika ta da direba, babu wanda zai taɓa ta.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Kana nuhin in ruhe masu ido don nawa shi wuce? Gobe wanda za shi wuce ba ni na ba. Hoton dosiye kau, ai shi ɓarawon ka sawa."

Ƙanena ya ce, "Baba, wanga ba tsari na ba. Ƙasa guda ta rataya ga tsoho ɗaya da moto. Ran da kam mutu hwa?"

Inna ta saki muciya. Ni na miƙe na ce masa ya rufe mana baki, marar kunya, har na ɗaga hannu. Baba ya ce in zauna. Ya dubi ɗansa, ya ce a hankali, "Ran nan sai ka zo ka hau moton."

Ƙanena ya koma Yamai kafin hutunsa ya ƙare. Ba su daina gaisawa ba, amma gaisuwar ta zama ina kwana, lafiya lau, a gaida gida. Maganar odinatar ta mutu a tsakaninsu, ita ce kuwa hirarsu. Na yi wa kowannensu faɗa har na gaji. Na ce wa Baba yaron tsoro yake ji masa. Na ce wa yaron uban ba taurin kai kawai yake yi ba. Duk biyun suka ce sun ji, duk biyun kuma kai ɗaya gare su, na dutse. Zan faɗi gaskiya ko da Baba ba ya nan: maganar ƙanena ta yi muni, amma ba ƙarya ya yi ba.

A daminar bana aka kawo wa cibiyoyi sababbin amprimanti, masu jan takarda ta wata fuska dabam, sai bayan kowane shafi ya riƙa fitowa kai ƙasa. Baba ya gyara ninke a tsohuwar na'urarsa ta Linux, ya ce in ruwa ya ɗauke hanya ta bushe zai gina ta Windows ya zagaya. Zazzaɓi ya riga shi. Muka kai shi asibitin mishan, suka yi iya ƙoƙarinsu, Baba Likita bai bar gefen gadonsa ba. Ƙanena yana hanya rai ya yi halinsa. Inna ce ta cire kilen mai igiyar fata daga wuyan Baba, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ƙanena ya roƙe ta ta ba shi ya kwafe abin da ke ciki kada ya salwanta, ta ce, "Bari tukuna." Bai sake tambaya ba.

Bayan sadakar bakwai ya shiga ɗakin Baba da rana, ya kunna tsohuwar na'urar, ya kwashe aikin zuwa tasa mai Windows, ya tada magini. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ninke ta ginu a karo ɗaya, magini ya kwafe, ya share, babu gardama. Ya yi ta kallon umarnin, yana bin layukan da yatsa. Ya ce, "Yaya, ko gurbi ɗaya bai mance ba." Sai ya kifa kai a kan tebur. Ranar na fara ganin kukansa.

Ya ce Garhanga zai fara kai ninke, na ce zan raka shi. Moton yana nan a zaure an lulluɓe shi da tabarma, ko kallonsa bai yi ba, ya ce motar kasuwa za mu shiga. Muna shirin fita Inna ta kira shi ɗakin da take takaba. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa kilen Baba. Ya sa a aljihun gaba.

Malama ta karɓe mu da kyau, ta sake yi mana gaisuwa, ta kawo ruwa. Na'urarta tana kan wani tebur a kusurwar aji, an rufe ta da tsohon zane. Ƙanena ya soka sabon kilensa, ya kwafe ninke, ya ja baya. Malama ta sa gilashi, ta matso, ta karanta sunan har ƙarshe. Ta ɗora yatsa ta kashe ta a gabanmu, ko gezau.

Ya ce, "Malama, aikin Baba na. Ni nig gina ta da hannuna, babu komi cikinta."

Ta ce, "Na san kai ɗanai na, ga goshin nan. Amma ubanka ba da baki shika tsayawa ba. Mi ad da akwai cikin kilen ga naka?"

Ya ce sabo ne, babu komai.

Ta ce, "To mi za ka yi hasara?"

Ya dubi na'urar, ya dubi tarin kile-kilen mutane da ke cikin wani gwangwani kusa da ita, waɗanda Allah kaɗai ya san ofisoshin da suka kwana. Ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, na'urar nan ba abin yarda ba ce, in akwai birus a cikinta zai iya cinye duk abin da aka soka mata. A nan na fahimci abin da ban taɓa lura da shi ba. Ashe duk shekarun nan ba manhajarsa kaɗai Baba ke tsaya wa ba. Ita ya san ta. Na'urorinsu ne bai sani ba, amma yake ba su amanar muryar mahaifiyarsa don su ma su ba shi tasu. Na tuna muryar Baba ma a cikin kilensa take, kuma ba mu da wata. Na so in ce ya bari mu koma gida mu kwafe tukuna, amma ya riga ni.

Ƙanena ya sa hannu a aljihu ya fito da kilen mai igiyar fata. Malama ta gan shi, ta gane shi. Ya soka shi, sai da ya gwada sau biyu kafin ya shiga. Ya buɗe ya nuna mata hotunan yara, da dosiyen Kaka, da na darussa. Ya sake kwafo ninke. Ya ɗora tafin hannunsa a kan na'urar, ya ce, "Wanga mai wutsiya namu na. Na tsaya mashi." Ya danna.

Ninke ta buɗe. Muka duba kilen Baba, komai yana nan a wurinsa. Malama ta ba ta darasin farko na bana, amprimanti ya ja takarda ya fitar, ta juya aka buga baya. Ta tattara, ta ninke a kan cinyarta, ta bi shafukan da yatsa tana lasar baki. Babu wanda ya fito kai ƙasa. Sai a lokacin hawayen da ba ta zubar a Buza ba suka zo mata, ta bar su suna sauka a kan sabon littafin.

Da ta natsu ta ce, "Na amsa daga hannunka. Amma ka sani, duk wanda ba kai kak kawo ba, kashe shi za ni yi."

Ya ce, "Ki kashe shi, Malama."

A hanyar dawowa ya gaya mini bai canja ra'ayinsa duka ba. Ya ce zai zaɓi malamai a kowane yanki ya koya musu tada magini da kansu, su gina su tsaya wa abin da suka gina, kada ƙasa ta sake rataya a wuyan mutum ɗaya. Na san da Baba zai ji, da ya yi gardama har shayi ya huce, sannan ya yarda ba tare da ya ce ya yarda ba. Amma wannan aikin shekaru ne, azuzuwa kuwa saura kaɗan a buɗe, ga Karofane da sauran ƙauyuka suna jira, kuma ba kowane ne motar kasuwa ke shiga ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa faɗansa da taurin kansa, ya haskaka makwancinsa gwargwadon idanun da ya buɗe, ya tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani sai da izininsa.

Washegarin dawowarmu da sassafe ina shara a tsakar gida na ji ana jan tabarma a zaure. Ƙanena ne ya fito da moton, ya goge masa ƙura, ya rataya kilen mai igiyar fata a wuya. Ya taka, ya ƙi. Ya sake takawa, ya yi tari ya tashi, da ƙarar nan tasa da duk unguwa ta sani. Sai muryar Inna ta fito daga ɗakin takaba, da ƙarfinta, yadda ta saba: "Malam, ka ɗauki gorar ruwa?"

Sai da ta faɗa ta tuna wanda take kira ba ya nan. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ƙanena ya bar moton yana ƙugi, ya shigo ya ɗauki gorar daga inda take rataye, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Na ɗauka, Inna."